Ƙurar Tanderu a Bangon Inna

Kawuna,

Ina gaishe ka da girmamawa, kai da iyalinka duka. Yaya ciwon bayan nan? Inna ta ce har yanzu ba ka daina hawan katakon gini ba, wai da aka ce ka je asibiti sai ka ce bayanka ya fi likitan shekaru. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Na so in kira ka a waya, amma na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ihu har maƙwabciyata ta leƙo, kai kuma kana ta cewa "Wa ke magana?" Injin niƙan kamfanin siminti ya ci kunnenka, Allah ya saka maka. Shi ya sa na koma takarda. Direban babbar motar da ke ɗauko siminti daga wajenku ya yarda ya riƙa kai mana ya kawo.

Na ji ka ɗauki alkawarin gina wa Inna sabon ɗaki kafin damina, kuma ba za ka karɓi ladan aiki ba. Kawu, ban san da bakin da zan gode maka ba. Kai ɗan ƙanen kakata ne, akwai waɗanda suka fi ka kusa da ita, amma tun rasuwar Baba ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin nan da ke yoyo sai kai.

Ga wani labari da zai ba ka dariya. Ka tuna tsibin ƙurar da ke bayan kamfanin, wadda ke fitowa daga tanderu ana kwashewa ana zubarwa? To a kanta nake bincike yanzu. Muna rage siminti a kwaɓi mu sa ƙurar a madadinsa, mu zuba a 'yan gwangwanaye ya daskare kamar sabulu, mu jiƙa a ruwa wata guda, sannan mu sa a injin matsa mu ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Wanda muka sa wa kashi ɗaya cikin goma ya riƙe kusan kamar siminti zalla. Ranar har rawa na taka a ɗakin gwaji, malamina yana kallona ta saman tabarau. Da sauran aiki a gaba, amma ka ga abin da ka yi shekaru kana shaƙa a banza zai iya zama gini.

Taka,
'Yar Kwaɓi, kamar yadda ka raɗa min

*

'Yar Kwaɓi,

Takardarki ta zo, na karanta sau uku, na kuma karanta wa matata ko da ba ta tambaya ba. Muna lafiya. Baya yana nan yana surutunsa, ni kuwa tunda kurma ne ba na jin sa. Yaya, wato Innarki, tana lafiya, jiya ma ta yi min faɗa a kan na bar shebur a hanya.

Ashe yarinyar da ke tsoma ƙafa a kwaɓina tana gudu ita ce yau ke koya wa duniya kwaɓi! Wallahi na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Ƙurar nan ta shiga ƙirjina, ta shiga dodon kunnena, ban taɓa zaton za ta biya ni ba.

To albishirinki. Mai gadin bayan kamfanin tsohon abokin aikina ne, ya ce in kwashi iya ƙarfina, su ma neman kai suke da ita. Na sa an kawo min baro bayan baro daga gindin tsibin, inda ta kwanta ta yi laushi. Na tankaɗe ta da rariyar yashi na gwada. 'Yar Kwaɓi, ban taɓa riƙe kwaɓi mai daɗin hannu irin wannan ba. Yana bin cokalin gini kamar man shanu, ka shafa a bulo ya manne, ba ya zuba, ba ya gardama. Magini da hannu yake ɗanɗana kwaɓi, kuma hannuna ya ce wannan ya yi.

Mun fitar da tushe, bulo ya fara hawa. Simintin da Yaya ta tanada na ɗaki ɗaya ne tak, ƙanƙane. Amma da ƙurarki na lissafa zan iya fitar mata da baranda a gaba, inda za ta riƙa zama da yamma tana tsince wake tana sa wa mutane ido. Ban gaya mata ba tukuna, so nake ta gani da idonta.

Ki gaida malaminki mai tabarau. Ki ce masa wani tsoho ya riga shi kai abin kan bango.

Kawunki magini

*

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da aiki. Allah ya ƙara wa bayan sauƙi. Na ɗan yi mura amma ta wuce.

Wane ni in koya wa Kawu gini? Kai ka gina rabin unguwarmu tun ban san hannun damana ba, kuma ban taɓa jin an ce bangonka ya tsage ba. Abin da zan faɗa ɗan tsokaci ne kawai na ɗaliba, in ka ga bai dace ba ka yafe min.

Ƙurar da muke gwadawa sabuwa ce, busasshiya, daga cikin kamfani ake kawo mana ita a buhu a ɗaure. Wadda ke waje a tsibi ta sha ruwan sama shekara da shekaru, watakila ƙarfinta ya riga ya tafi. Kuma akwai gishiri a cikinta da wani farin sinadari mai kumbura idan ya sha ruwa. Mu da sikeli muke aunawa, kashi ɗaya cikin goma, ba ma wucewa, don waɗanda muka ƙara wa sun yi rauni. Da so samu ne, da an ɗan dakata har mu kammala. Amma dai Kawu ya fi ni sanin abin da ya kamata.

In ba damuwa, ka cika min 'yan gwangwanaye da irin kwaɓin da kake aiki da shi, da ɗan ƙullin ƙurar, ka ba direba. Ina so in gani.

Batun baranda ya sa ni hawaye. Inna ta daɗe tana son wurin zama a inuwa.

Taka,
'Yar Kwaɓi

*

'Yar Kwaɓi, Malama Sikeli,

Mun gode Allah, kowa lafiya, sai ƙaramar jikata da haƙori ke damu. Ki riƙa rufe ƙirjinki saboda murar nan.

Na ga kunyarki a takarda. Haka masu ilimin gaske suke, su gano abu su yi ta noƙewa. Kada ki ji tsoro, abinki ya yi kyau, ni shaida ne. Batun cewa ƙurar waje ta sha ruwa, ai yashi ma a waje yake kwana, ba wanda ya taɓa shigar da shi ɗaki. Sikeli kuma na masu sayar da nama ne. Mu kwano muka gada, kwanon gini da idon magini.

Da na fara, kwanon ƙura ɗaya nake sa wa siminti huɗu. Na ga hannu na karɓa, na ƙara. Yanzu kwano da kwano nake yi, ɗaya siminti ɗaya ƙura, kuma sai ƙara santsi yake. Bango ya kai kan taga, an zuba lintal, wato dogarin siminti da ƙarfe na saman taga da ƙofa, kafinta zai zo ya ɗora katako. Baranda ta fito. Da Yaya ta gane abin da nake yi sai ta tsaya ta riƙe baki, ta ce, "Kai dai ba ka jin magana." Na ce, "Yaya, ai kowa ya san ba na ji." Ta yi dariya har ta zauna a kan bulo.

Magina uku na unguwa sun zo kallo, sun taɓa kwaɓin, sun jinjina kai. Na ce musu 'yarmu ce ta gano a jami'a, da injin matsa da komai. Dogon nan mai ginin shaguna har ya aika baro bayan kamfani. Sunanki ya zaga, yarinya.

Ga gwangwanaye huɗu na cika miki, ki nuna wa mai tabarau ya ga aikin hannu. Na tabbata don haka kika nema.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni, yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Gwangwanayenka sun iso, na jiƙa su na jira kamar yadda muke yi. Biyu sun tsattsage tun suna cikin ruwa. Na sa na uku a injin, allurar ba ta gama ɗagawa ba ya ruguje. Na huɗun ban sa shi a inji ba, da hannuna na murƙushe gefensa. Malamina ya ɗauki garin ya murza, ya tambaye ni daga ina. Da na gaya masa ɗakin mahaifiyata ne, sai ya cire tabaran ya ce, "Kada kowa ya kwana a ƙarƙashinsa."

Wancan karon na nannaɗe maganata cikin ladabi har ta ɓace. Yanzu ga ta tsirara. Kwaɓin nan ba zai riƙe ba. Santsin da hannunka ke ji laushin gari ne kawai, ba ƙarfi ba ne. Yana tsaye yanzu don rani ne. Ranar da bangon ya sha ruwa zai kumbura ya saki, ga lintal da katako da kwanon rufi a kansa. Kawu, a rushe shi. Kuma don Allah ka tsayar da sauran maginan, da sunana suke ɗiban ƙurar nan.

Na kira Inna na gaya mata. Ka san abin da ta ce? "Mutum ya bar aikinsa ya zo ya gina min ɗaki kyauta da ciwon baya, ni kuma in buɗe baki in ce masa gininka ba shi da kyau? Ba da ni ba. Kuma kin san sai an ɗaga murya yake ji, so kike duk layi su ji ina tozarta shi?" Na ce, "Inna, ranki fa." Ta ce, "Rai na Allah ne. Ke dai karatu ya buɗe miki ido." Ta kashe waya.

Ba ni da kowa sai kai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka yi fushi da ni in ka so, amma kada ka bar ta ta shiga.

'Yarka

*

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Shiru ya yi yawa. Na je tashar manyan motoci neman direba, aka ce motarsa ta lalace a hanya tana wajen bakanike, ba wanda ya san ko takardata ta isa. Na kira matarka, ta ce ita ba ta shiga maganar gini. Na nemi izinin tahowa, an ce sai na gama gwajin da ke cikin ruwa, in na tafi aikin shekara ya lalace. Na tsaya, kuma ina jin haushin kaina da na tsaya.

Jiya Inna ta ɗaga wayata bayan ta daɗe tana share ni. Tana magana ina jin ruwa na dukan kwano a kanta, ƙara mai tsabta, ba irin ta tsohon ɗaki ba. Na ce, "Inna, a ina kike?" Ta ce, "A ɗakina." Ta shiga, Kawu. Ta ce ba yoyo ko ɗigo, ta ce in ji yadda ƙamshin sabon gini yake.

Ba na iya cin abinci. Duk hadarin da ya taso a nan sai in ga kamar can ya nufa. Ban san ko shirunka na rashin samun takarda ba ne ko na fushi. In fushi ne na karɓa, ka dai amsa.

'Yarka

*

Malama,

Muna lafiya. Takardunki biyu sun zo tare, direba ya kawo su da man inji a jiki.

Na karanta. Tun kafin a haife ki nake ɗora bulo a kan bulo, ban taɓa kashe ko kaza ba. Yau gwangwanin madara ne zai yi min shaida? An yi ruwa, bango yana tsaye, Yaya tana barcinta lafiya. Ke kika ce abin ya riƙe, da hannunki kika rubuta, har rawa kika taka. Yanzu mai tabarau ya ɗaure fuska kin juya. Da farko "wane ni in koya wa Kawu", yanzu "a rushe shi". Wanne zan ɗauka?

Kin kuma kai ƙarata wajen Yaya kafin ki ji ta bakina. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Abin da babba ya hango yana zaune, kin san sauran.

Magini

*

'Yar Kwaɓi,

Ina gaishe ki. Yaya tana lafiya, na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Bayana ya tashi sosai, a kwance nake rubutu, ki yi haƙuri da karkatar layi.

Bayan na aika miki waccan takardar mai zafi, raina bai kwanta ba. Na yi fushi da ke, amma ƙafata kullum sai ta kai ni gidan Yaya. In ce na zo duba taga, in ce na zo ɗaukar igiyar awo. Aka yi ruwa mai iska wanda ya doki bangon gabas sosai. Da gari ya waye na zagaya baya, sai na ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito a layin kwaɓi, daga ƙasa har gwiwa. Na sa farcen babban yatsa na danna. Ya shiga. Na ciro ƙusa a aljihu na tura, ta shige har kai ba tare da guduma ba. A ƙarƙashin lintal kuma ga tsaga siririya kamar zare, daidai saitin inda ta sa kan gadonta.

Na daɗe a tsugune a wurin. Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a kan katako ba.

Na shiga na ce, "Yaya, ki fito da kayanki, ɗakin nan ba shi da kyau." Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta yi magana a hankali don kada maƙwabta su ji. To ni ma ban ji ba. Na ce ta maimaita, ta ƙi. Ta gyara zama a bakin gado ta naɗe hannu. Na gane nufinta. Ta gwammace bango ya faɗo mata da a ce ginin ƙanenta ya lalace.

Na san ba zan iya da ita da baki ba, tun muna yara ban taɓa iyawa ba. Sai na jingina tsani na hau, na fara zare ƙusoshin rufi. Da kwano na farko ya tashi rana ta faɗo kan gadonta, ta fito tana salati tana cewa na haukace. Matan gidan suka kwashe kayanta suka mayar tsohon ɗaki. Ta koma ƙarƙashin yoyonta da robobinta, ni na mayar da ita.

Mutane suka taru, kin san layinmu. Ina daga sama na ga bakin Yaya na motsi tana nuna ƙofa, matata ta gaya min daga baya wai cewa take ita ce ta sa a rushe, ƙofar ba ta kalli inda take so ba. Har a lokacin rufa min asiri take. Amma tun a lokacin na gane daga nunin ƙofar da fuskokin mutane, sai na ce daga kan tsani, "Ba ƙofa ba ce, kwaɓina ne bai yi ba. Yarinyar ta ce ɗaya cikin goma, ni na yi kwano da kwano, kuma da ƙurar da ta hana." Kin san kurma ba ya iya magana a hankali. Har masu shago a bakin titi sun ji.

Daga nan na bi maginan nan uku gida gida. Biyu yaɓe kawai suka yi da ita, za su kankare. Dogon ya riga ya tada bangon shago har rabi. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, "Baba, ai don kai ne muka yarda." Wanda ya ba ni aikin katangar makaranta ya aiko cewa in huta tukuna saboda bayana. Na san ba bayana yake nufi ba.

Yaya ba ta daina fushi da ke ba, ta ce ke kika jawo min. Na ce mata ba haka ba ne, ta ɗauke kai. Ki ci gaba da kiranta ko ba ta ɗaga ba. Abin da na rubuta miki a waccan takardar kuma, ki yaga ta.

Simintin da ya rage ba zai kai baranda ba, ɗakin ma sai an ƙanƙanta shi, kuma ba zai tashi a daminar nan ba. In kin gama abin da ke cikin ruwa ki zo, ki taho da sikelinki da ƙurarki ta buhu, ki tsaya a kaina in kwaɓa. Ban yarda da hannuna ba yanzu, kuma ban san yadda magini ke aiki da hannun da bai yarda da shi ba.

Jiya muka gama sauke bangon. Na zo da guduma da kurfi, ban taɓa su ba. Da hannu na riƙa ɗaga bulo ɗaya bayan ɗaya, kwaɓin na zubewa kamar gari. Yaya ta fito ta zauna a inda baranda take, tana kallon yadda na jera su a gefe, tsaf, kamar yau aka kawo su daga wajen mai bulo. Ta matso kusa da kunnena ta ɗaga murya, don ta faranta min, ta ce, "Kai dai Allah ya yi maka hannu. Dubi, ko ɗaya bai fashe ba."

Na ci gaba da jera bulon. Ke kin san abin da hakan ke nufi, kwaɓin bai taɓa kama su ba, kuma a ƙarƙashinsu ta yi ta kwana.

Kawunki